Sunayen da ke Bayan Kwalin Kaset

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram, da wuya a ce bai san muryar Lata Mangeshkar ba, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ya ji ta a silima, ya ji ta a rediyo, ya ji ta a ɗakin amarya. Amma ka tambaye shi wa ya yi waƙar, sai ya kira maka sunan jarumar da ya ga tana rawa. Haka tsarin fim ɗin Indiya yake: mawaƙi ya rera a sutudiyo, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara, yabo ya bi fuska.

Abin da ya sa nake tara kaset-kaset na waƙoƙin fim ke nan. Abokaina suna yi mini dariya, wai me zan yi da tarkace alhali komai yana cikin waya. Waƙar tana cikin waya, gaskiya ne. Sai dai ta iso ne daga hannun mai turi, daga wannan waya zuwa waccan, har sunan mai ita ya faɗi a hanya. Kaset kuwa da kwalinsa yake zuwa. A jikin kwali na fara karanta cewa Naushad ne ya tsara kiɗan Mother India na 1957, R. D. Burman ya yi na Sholay a 1975, Bappi Lahiri kuma na Disco Dancer a 1982. A nan na gane cewa jarumai da yawa da nake zaton kowa da muryarsa, ashe Mohammed Rafi ne yake rera musu, har ya rasu a 1980.

Na Indiya ba su cika ɗaga mini hankali ba, don kamfanoninsu sun adana kayansu. Namu na gida ne abin ji. Lokacin da Sangaya da Wasila suke tashe, akan saki kaset ɗin waƙoƙi ya zaga gari tun kafin fim ya fito, shi ne tallar. 'Yan mata da samari ne suka rera su, wani ya zauna gaban fiyano ɗin Yamaha ya haɗa kiɗan. Wasu kwalayen sun kawo sunayensu, wasu hoton jarumai kawai suka buga. Idan na samu irin na biyun, sai na bi tsofaffin 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai ina tambaya, abin da mutum biyu suka yi ittifaƙi a kai na rubuta a littafi.

Aikin yana son haƙuri. Zafi yana lalata zare, ƙurar hunturu tana cin sauti, damina ta kawo fumfuna. Wanda ya warware sai na sa biro na naɗe shi a hankali, sannan na juye shi a kwamfuta tare da hoton kwalinsa, gaba da baya.

Masu waɗannan muryoyi wasu sun rasu, wasu aure ya ɓoye su, amma har gobe ana jin su a gidan biki. Idan akwai tsohon kwalin kaset a ƙarƙashin gadon gidanku, kafin a ba yara su yi wasa da zaren, a juya bayansa a karanta.