Daga Tawa zuwa Abalak: darasin bido guda

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wannan ne dalilin da ya sa wani magidanci, ma'aikaci a birnin Tawa, ya ɗebi uwargida da yara uku a mota lokacin hutun lakkwal, domin su gaido kakarsu a Abalak, tafiyar kilometir kusan 135.

Da asuba suka hau hanyar yuraniyom, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin haɗa Tawa da Arlit. Bayan Koloma, sai duwatsun Adar suka bayyana, jajaye da baƙaƙe, ga gonakin hatsi an girbe, ga garuruwan da samarinsu suka tafi cin rani Abijan, suka bar tsofaffi da mata suna tsaron gida.

A Tabalak, kilometir kusan 50 daga Tawa, yaran suka yi sowa: tabki ne shimfiɗe tsakanin tuddan rairayi, masunta na jan koma, mata na soya kifi a bakin hanya. Tun 2005 tabkin ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Nan ƙaramin yaron ya wanke ƙafafunsa da rabin bidon ruwan sha. Mahaifin ya gani, bai ce uffan ba.

Gaba kaɗan gonaki suka ƙare, ƙasar Azawak ta buɗe, babu komi sai aduwa da tumfafiya da karangiya. Rana na tsaka injin ya ɗau zafi, motar ta tsaya. Ruwan da ya rage ba zai ishi injin da bakuna biyar ba.

"Maigida, yara tukuna," in ji uwargida.

Suka zauna a inuwar aduwa, ana ba kowa marfin bido guda. Wajen la'asar wani makiyayi Buzu ya ɓullo bisa raƙumi. Bai tambayi sunan kowa ba, ya kwance salkarsa, ya shayar da yaran, ya cika bidon. Aka miƙa masa jikka guda, ya girgiza kai, ya ce da harshensa "aman iman", wato ruwa shi ne rai, sannan ya wuce.

Kafin injin ya huce, mahaifin ya ba yaran labarin farin 1973 da na 1984, yadda garken kakansu ya ƙare a wannan daji, har iyali suka gangaro Tawa da jaki ɗaya.

Bayan magariba suka shiga Abalak. Kaka ta tarbe su da cuku da ƙwaryar ruwa. Ƙaramin ya kurɓa sau biyu, ya riƙe ƙwaryar da hannu bibbiyu, ya ce: "Kaka, ina zan aje sauran?"