An Faɗa a Rediyo

A Mora, idan mutum yana son ya kashe gardama, sai ya ce "ai an faɗa a rediyo." Na daɗe ina cin albarkacin wannan magana. Duk daren Alhamis ina gabatar da shirin lafiya da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma masu bugo mini waya ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mandara da Kanuri da Shuwa da Fulani, akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Amcide da Kolofata suka zauna tare da mu. Da yawansu ba su taɓa zama gaban likita na minti goma ba, amma suna zama da ni awa guda kowane mako.

A watan Agustan 2022, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da gida guda, wani ɗan'uwana da ke Garwa ya turo mini wani rubutu da Faransanci ta WhatsApp. Rubutun ya ce an yi gwaji a lardin Maniema na ƙasar Kwango a kan mutum fiye da 900, an ba wasu shayin ganyen Artemisia, an ba wasu ƙwayar asibiti, kuma shayin ya fi ƙwayar warkarwa. Har da sunan mujallar da ta buga binciken, Phytomedicine, da shekarar, 2019. Raina ya yi fari. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana cewa labari ya zo da majiya, ga shi kuwa ya zo da ita. Na karanta shi a shirin wannan daren, kuma da na zo kan kalmar Artemisia sai na ce "wato tazargade," domin haka kowa ke cewa tun lokacin korona, da shugaban Madagaska ya fito da ruwan maganinsa a 2020. Wayoyi suka yi ta shigowa ana sa mini albarka.

Bayan kwana goma wani ma'aikacin jinya da na sani ya tsayar da mashin ɗinsa a gabana kusa da kasuwa. Bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Malama, me kika faɗa wa mutane?" Ya ce a makon nan iyaye mata biyu sun kawo masa yara a galabaice. An rubuta musu ƙwayar nan ta kwana uku, safe da yamma, suka ba da ta rana ɗaya, zazzaɓi ya sauka, sai suka ajiye sauran suka koma jiƙa tazargade. Ɗaya daga cikin yaran sai da aka yi masa ƙarin jini. Da ya tambayi uwar dalili, ta ce an faɗa a rediyo.

Na so in kare kaina. Na ce masa ai ba ƙirƙira na yi ba, bincike ne na masana. Ya ce, "To je ki nemo binciken da kanki," ya tada mashin ya tafi.

Ranar Litinin na hau mota zuwa Marwa, tafiyar kilomita sittin ko kusa da haka, da shingayen jami'an tsaro a hanya. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani dattijo mai kula da laburare a wata makaranta a can. Na zata zai miƙe ya ɗauko mini littafi daga kanta. Sai ya jawo kujera kusa da wata tsohuwar kwamfuta ya ce, "Zauna nan, 'yata. Laburaren da kike nema yana Amurka, amma ƙofarsa a buɗe take." Ya buɗe PubMed. Ya bayyana mini cewa rumbu ne na babban laburaren likitanci na ƙasar Amurka da ke Bethesda, an buɗe shi kyauta ga kowa tun 1997, kuma yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 30. Ba ya neman kuɗi, ba ya neman katin makaranta. Abin da yake nema shi ne intanet da Turanci, ni kuwa da Faransanci na yi boko, Turancina na gaisuwa ne.

Ya sa na rubuta kalmomi uku da hannuna: Artemisia, tea, malaria. Sakamako ya jero. Can muka ga maƙalar tamu, da sunan mujallar da shekarar, daidai yadda ɗan'uwana ya turo. Har na fara murmushi, na juyo zan ce masa "ka gani ko, Baba?" sai ya sa yatsa a saman shafin. Akwai wani akwati mai launin ja, a ciki an rubuta Retracted. Ya ce ma'anarsa an janye. Mujallar da ta buga binciken ita da kanta ta janye shi a 2020, bayan wasu masana sun nuna shakku a kan sahihancin alƙaluman da ke ciki. Wato ranar da na karanta shi a iska cikin alfahari, ya shekara biyu da mutuwa. Rubutun WhatsApp ɗin dai yana nan yana yawo da ransa, don babu wanda ke bin saƙo waya-waya yana liƙa masa jan akwati.

Ban san tsawon lokacin da na yi shiru ba. Dattijon bai yi mini faɗa ba, shayi ma ya sa aka kawo mini, na gaske, mai sukari.

Daga nan muka yi kusan awa uku, ina kwafe taƙaitaccen bayanin kowace maƙala ina sa wa manhajar fassara ta mayar mini Faransanci. Abu na farko da na gane shi ne kuskurena ya fi wanda na zo da shi girma. Artemisia sunan dangi ne, ba sunan tsiro ɗaya ba, kuma 'yan dangin sun kai ɗaruruwa. Wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro sinadarin artemisinin daga jikinsa a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015, shi ne Artemisia annua. Da muka rubuta tazargade a akwatin nema, wani suna daban muka gani, Artemisia maciverae, a aikin wasu masu bincike na Zariya, kuma a kan ɓeraye suka yi gwajinsu. Ko da binciken Kwango ya tabbata, ba a kan ganyen da ake ƙullawa a leda a kasuwar Lahadi ta Mora aka yi shi ba. Wannan gadar ni na gina ta da bakina, da kalma biyu, "wato tazargade."

Abu na biyu ya fi ba ni tsoro. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayinta cewa ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin Artemisia don maganin zazzaɓin cizon sauro. Dalilin a fili yake. Yawan sinadarin da ke cikin ganye yana bambanta da ƙasar da ya tsiro da yadda aka shanya shi da yadda aka jiƙa shi. Sau da yawa yakan isa ya saukar da zazzaɓi, amma bai isa ya kashe dukan ƙwayoyin cutar ba. Sai uwa ta ga ɗanta ya tashi yana wasa, bayan kwanaki cutar ta dawo, jini kuwa yana ta ƙonewa. Ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne ke koyon jure wa maganin. An fara ganin haka a yammacin Kambodiya wajen 2008, an kuma gan shi a Ruwanda da Uganda. Ita ƙwayar asibiti shi ya sa ake haɗa magani biyu a cikinta, ɗaya mai saurin aiki, ɗaya mai daɗewa a jiki ya share ragowar, shi ya sa kuma ake cewa a shanye ta duka.

Kada in yi wa wannan rumbu yabon da bai cancanta ba. Rabin abin da na so karantawa a kulle yake, taƙaitawa kawai ake nuna maka. Dattijon ya ce akwai shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don buɗe irin waɗannan mujallu ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai cibiya ta yi rajista, gidan rediyo irin namu ba ya ciki. Kuma babu ko layi ɗaya da Hausa ko Fulatanci. Matar da aka yi wa ɗanta ƙarin jini ba za ta taɓa ganin jan akwatin nan ba. Ni ce kaɗai hanyar da zai bi ya isa kunnenta.

Ranar Alhamis na gaya wa shugabanmu zan janye maganata a iska. Bai so ba. Ya ce mutane za su daina yarda da mu, ya kuma tuna mini cewa masu maganin gargajiya suna cikin masu sayen lokacin talla. Na ce masa ba zan zagi kowa ba, kaina zan tona. Na buɗe shirin da cewa makonni uku da suka wuce na faɗi abin da ba daidai ba. Na bayyana yadda aka janye binciken, na ce tazargade daban, ganyen Sin daban, na roƙi duk mai ragowar ƙwaya a gida, ɗansa kuma na zazzaɓi, ya koma asibiti a sake gwada jinin yaron. Na tuna musu maganin rigakafin nan na damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankinmu tun 2016. Na maimaita duka sau uku, sannan abokin aikina ya faɗa da Fulatanci.

Waya ta farko wani mai magani ne, ya ce Turawa sun saye ni. Ta biyu wata tsohuwa ce, muryarta a sanyaye. Ta ce, "'Yar nan, wancan karon ke kika faɗa, yau ma ke kika faɗa. Wanne zan ɗauka?" Na ce, "Na yau, Iya, domin wancan turo mini aka yi, wannan kuwa na je na gani da idona." Ta ce to Allah ya sa kada in dawo da na uku, ta kashe wayar.