Labarin Inji A Tambayi Salansa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, haka abin yake ga tsohuwar mota, labarin injinta a tambayi salansa. Ina riƙe da Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya riƙa harhaɗawa, kuma ita ce ta sa na koyi karanta hayaƙi.

Hayaƙin mota iri uku ne. Baƙi yana nuna fetur ya rinjayi iska. Shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, watau ringi ko robar bawul ta cinye. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa alama ce ta ruwa ya shiga inda wuta ke ci, galibi saboda gaskit ya ƙone. Amma ɗan tururin da ake gani da sanyin safiyar hunturu, wanda ke ɓacewa da zarar inji ya ɗumama, ba ciwo ba ne. A cikin ukun nan, baƙin kaɗai ne ya shafi kafireta.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, na sha jin masu tsofaffin motoci a garejojin garin Bauchi suna cewa, "Maigida, a matse mini ita, tana shan mai." Sai a ɗauki sukudireba a murɗa ɗan sukurun nan na jikin kafireta. Alhali sukurun nan ikonsa bai wuce lokacin da inji ke aiki mota na tsaye ba. Idan aka hau hanya, jet ne ke ba da mai. Wanda kuma ya sa aka canja masa jet da ƙarami fiye da kima, injinsa zai riƙa zafi har bawul ya ƙone. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Wani dattijon bakanike da nake kai wa motar ba ya yarda da wannan garaje. Yakan fara da matatar iska, domin ƙurar hunturu kan toshe ta, iska ta ragu, mota ta yi ta baƙin hayaƙi. Sannan ya duba ko cok ya maƙale, ko fulot ya bar fetur yana ambaliya. Daga nan ya kwance fulogi ya dubi bakinsa: ruwan ƙasa lafiya ke nan, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan. Sai ya daidaita wuta, ya bar inji ya ɗumama, kana ya kasa kunne yana murɗa sukurun a hankali har ƙarar ta zauna daidai. Yakan ce mini, "Ɗana, kada hayaƙin hawan Jos ya tsorata ka." Gaskiyarsa, domin Jos ta ɗara Bauchi tudu da kusan mita 600, iskar can ba ta da kauri, saboda haka mai yakan ɗan rinjaya.

Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan dattawa suna ƙarewa, yaran gareji kuwa sun koma ga motocin da kwamfuta ke auna wa mai. Amma har yanzu akwai magidanta da abincin iyalinsu ya rataya ga tsohuwar mota, kuma kuɗin sauke inji kan cinye ribar watanni. Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka ce a matse, tsaya bayan motarka ka dubi launin hayaƙinta. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.