Litar takarda da litar hanya: kafin ka sayi ƙaramar kat-kat

Duk wanda ya taɓa zuwa cinikin mota a Maraɗi ko Yamai ya san tambayar da ake yi bayan an duba tayu an leƙa inji: "Tana shan mai?" Ya kuma san amsar dillali: "Haba Malam, wannan ai shinshinawa take yi." Ni dai ban taɓa jin dillalin da ya ce motarsa mashayiya ce ba. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, mai saye yakan ƙara da duba intanet, ya ga an rubuta lita 7 ko 8 a kilomita 100, hankalinsa ya kwanta. Bayan wata biyu sai ka ji shi a ɗakin malamai yana cewa motar ta canza hali.

Motar ba ta canza ba. Lambar da ya gani an auna ta ne a wata ƙasa, cikin wani yanayi, lokacin da motar take sabuwa fil. Abin da nake so mu duba tare, ƴan uwana malamai da iyaye, shi ne yadda ake samo wannan lamba da yadda mutum zai samo tasa, domin a shekarun nan idon da yawa daga cikinmu yana kan ƙananan kat-kat irin su Toyota RAV4, Honda CR-V, Hyundai Tucson da Kia Sportage. Dalilin son su a fili yake. Suna da tsayi daga ƙasa, suna ratsa rairayin unguwa da ruwan damina, suna ɗaukar iyali da kaya zuwa ƙauye. Sai dai kuɗin mota sau ɗaya ake biyan sa, kuɗin mai kuwa kowane mako, daga albashin da ake jira ya biya makarantar yara da buhun hatsi.

Yawancin motocin da ke iso mana ta Kwatano ko Lome sun yi rayuwarsu ta farko ne a Turai ko Amurka, kuma can aka auna shan mansu. Ba a kan hanya ake awon ba. A cikin ɗakin gwaji ake ɗora motar bisa wasu ƙarafa masu juyawa, tayu suna gudu motar tana tsaye, direba yana bin tsarin da aka zana masa na inda zai taka da inda zai saki. Tsohon gwajin Turai, mai suna NEDC, tafiyar kilomita 11 ce cikin minti 20, a hankali, ba kaya, ba a kunna na'urar sanyaya mota da muke kira kilim. Wata cibiyar bincike mai suna ICCT ta daɗe tana kwatanta lambar takarda da abin da direbobin Turai ke zubawa da gaske. Ta gano cewa tazarar, wadda take wajen kashi 9 cikin ɗari a 2001, ta kai wajen kashi 42 cikin ɗari a 2016. Wato motar da aka rubuta mata lita 7 tana iya shan kusan 10, a can ma inda kwalta ta game ko'ina.

Daga Satumban 2017 Turai ta fara sauyawa zuwa sabon gwaji, WLTP, mai tsawon minti 30 da kilomita 23, wanda ya fi kusa da tuƙin gaske. Duk da haka a ɗaki mai zafin digiri 23 ake yin sa, kilim a kashe. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da abin da na'urorin cikin sababbin motoci suka tattara a kan hanya, sai ga shi motocin fetur da na gazuwal suna shan wajen kashi 20 cikin ɗari sama da takarda. Awon Amurka ya fi tsauri, domin tun 2008 hukumar EPA ta shigar da gudu mai ƙarfi da sanyin hunturu da kunna kilim a zafin digiri 35 cikin lissafinta. A nan ma an samu kamfanonin da suka ƙara gishiri: a 2014 Hyundai da Kia sun biya tarar dalar Amurka miliyan 100 saboda kumbura lambar wasu motocinsu.

Lambar Amurka tana da wani tarko. Su mil nawa galan ɗaya ke kaiwa suke rubutawa, saboda haka a wurinsu babbar lamba ita ce mai kyau, akasin namu. Idan kana son mai da ita zuwa lita a kilomita 100, raba 235 da lambar. RAV4 ta shekarun 2013 zuwa 2018 mai inji lita 2 da rabi an ba ta wajen mil 26, wato lita 9. Corolla ta zamaninta tana wajen mil 31 zuwa 32, wato lita 7 da rabi. Tun a takarda ke nan tsayin mota yana da farashinsa.

To sai a kawo wannan mota ƙasarmu, bayan ta shekara goma ko fiye tana aiki. Ni abin da na lura da shi a tuƙina shi ne tafiyar cikin gari ta fi kowace cin mai, alhali ita ce ba ma ɗauka da muhimmanci. Daga gida zuwa makarantar yara, daga nan zuwa wurin aiki, a koma da rana, a sake fita da yamma. Kowace tafiya kilomita uku ko huɗu, inji bai gama ɗaukar zafinsa ba an kashe shi, kuma injin da bai yi zafi ba mai da yawa yake ja. Ga tsayawa da tashi tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke. Ga rairayi, inda taya ke nutsewa inji yana ta gurnani. Ga watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kilim ba ta hutawa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da kanta ta ce a tsananin zafi kilim tana iya rage nisan da lita ke kaiwa da fiye da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Uban da ya tsaya minti 20 a ƙofar makaranta yana jiran a tashi yara, inji a kunne saboda sanyi, ya ƙona mai bai yi ko taku ɗaya ba.

A babbar hanya matsalar daban ce. Iskar da mota ke tsagawa tana ƙara ƙarfi fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in ka ninka gudu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Kat-kat doguwa ce mai faɗin gaba, ta fi ƙaramar mota karo da iska. Shi ya sa wanda ya bi hanyar Ƙonni da Dosso a kan 90 da wanda ya bi ta a kan 120 ba sa isa Yamai da mai ɗaya a tanki, ko da motarsu iri guda ce. A ƙara da buhuna a kan rufi da mutum bakwai a wurin biyar, irin tafiyarmu ta babban hutu.

Sannan akwai abin da tsufa da hannun makanike ke yi. Sau da yawa da zarar mota ta iso sai a cire mata tarmosta, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace, wai don ƙasarmu da zafi. Injin zamani idan bai kai wannan zafi ba, kwamfutarsa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara masa mai. Haka nan na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta yawan man da za ta saki. Idan ta mutu, fitilar inji ta kan kunnu a gaban direba, mu kuma mu saba da ita kamar ado. Tayar da iskarta ta ragu ma tana jan nata kaso. Duk waɗannan ba su cikin lambar intanet.

Saboda haka ni lamba ɗaya kawai na yarda da ita, wadda aka auna daga cikon tanki zuwa cikon tanki. Ka je gidan mai ka cika har famfo ya tsaya da kansa. Ka rubuta abin da agogon kilomita ya nuna. Ka yi harkokinka yadda ka saba. Ranar da za ka sake shan mai ka koma famfon nan, ka cika, ka rubuta litar da ta shiga da kilomitan da ka yi. Ka ninka lita da 100, ka raba da kilomita. Misali, lita 42 a kilomita 350 ya ba da lita 12. Lissafin da muke koya wa ƴan ajin CM2 ne, kuma ina ba iyaye shawara su miƙa wa ɗansu ko ɗiyarsu littafin da biro, yaro ya ga amfanin rabawa a kan kuɗin gidansu. Sau uku ake maimaitawa kafin a yanke hukunci. A kula da abu biyu: agogon motar da ta fito daga Amurka mil yake ƙirgawa, sai an ninka da 1,6 a samu kilomita; kuma kwalbar ƴan ruwa-ruwa ba ma'aunin lita ba ce, da ita ba a wannan awo. Lambar da motar ke nunawa a gaban direba ita ma takan yi wa kanta sassauci.

Mai saye zai ce, to ni da ban mallaki motar ba tukuna fa? Gani ya kori ji. Idan hannu da hannu za ka saya, ka roƙi mai ita ku cika tanki da kuɗinka, ku je Tasawa ku dawo, tafiyar da ta haura kilomita 200, ku sake cikawa. Wanda ya yarda da motarsa ba zai ƙi ba. Idan daga wurin dillalai ne, ka nemi mutum biyu ko uku a garinku masu irin motar, shekara ɗaya da inji ɗaya, ka tambaye su. Kada ka karɓi amsar "jika goma tana kai ni mako", don ba ka san makonsa ba. Ka tambayi lita da kilomita. Ka kuma duba injin da kyau, domin suna ɗaya yana ɓoye motoci daban-daban. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 da ke fitowa daga Amurka akwai mai silinda huɗu, akwai mai shida na lita 3 da rabi. Akwai mai ja da tayun gaba kaɗai, akwai mai ja da huɗu, wadda ta fi nauyi ta kuma fi sha. Idan hanyarka ba ta wuce kwalta da rairayin unguwa ba, mai ja da biyu ta ishe ka.

Bari mu mai da maganar kuɗi. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, mu ce dala ɗari. A ɗauka kana yin kilomita 1000 a wata. Mota mai shan lita 9 za ta ci lita 90, mai shan 12 ta ci 120. Bambancin lita 30 ne, jika 15 a wata, jika 180 a shekara, sefa 900.000 a shekara biyar. Kowane uba ya san yara nawa wannan kuɗi zai saya wa littattafai da tufafin makaranta. Zuwa Yamai daga Maraɗi da dawowa, wajen kilomita 1320, motar farko za ta ci kusan jika 59, ta biyu kusan jika 79. Motar da ka samu da ragin jika 300 amma tana shan lita uku sama da ƴar uwarta, kafin shekara biyu ta karɓe ragin nan daga aljihunka. Araha ba ta ado.

Kuma kada mu gina lissafi a kan cewa mai zai dawwama da sauƙi. Shekaru da dama mu na bakin iyaka mun dogara da man Najeriya mai rahusa. Da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 sai wannan ƙofa ta rufe, kowa ya koma gidan mai, nauyi ya hau kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20.000 a rana. Mun ga dogayen layukan Maris na 2025. A irin wannan rana, wanda lita 20 ke kai wa kwana goma ya fi wanda take kai wa mako guda kwanciyar hankali.

Wasu abokan aiki suna tambaya a kan motoci masu haɗa inji da batir, wato hybrid. A cikin gari suna da riba ta gaske, domin inji yana mutuwa idan an tsaya, kuma birki yana mai da wuta cikin batir. RAV4 hybrid ta 2019 an ba ta wajen mil 40, ƙasa da lita 6. Amma batirin ba ya son zafi, fankar da ke sanyaya shi tana toshewa da ƙura, kuma kafin ka saya ya kamata ka san makaniken da ya iya ta a garinku da kuɗin sabon batir. Ta gazuwal ba ta shan lita da yawa a doguwar tafiya, sai dai litar gazuwal ta fi tsada a wurinmu, kuma na Turai na baya-bayan nan suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan kullum gajeriyar tafiya ake yi.

Ba ina hana kowa sayen kat-kat ba ne. Malamin da ke zagayen makarantun karkara, ko wanda iyayensa ke ƙauyen da sai an ratsa ƙorama da damina, yana da hujjar biyan ƙarin litocin nan, domin ƙaramar mota za ta bar shi a hanya. Wanda kuwa tafiyarsa gida, makaranta, kasuwa ce, sai ƙauye sau biyu a shekara, ya zauna ya ƙirga ko kwanaki huɗun nan sun cancanci jika 15 kowane wata, ko kuwa hayar mota a ranar ta fi masa sauƙi. Ya ɗauki lambar takarda, ya ƙara mata aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka da kilomitansa na wata da farashin lita, ya ajiye sakamakon kusa da takardar albashinsa. In lissafin ya zauna, ya saya da bismillah. In bai zauna ba, ya nemi wadda ta yi daidai da shi, ko ya ƙara haƙuri da babur ɗinsa zuwa baɗi. Allah ya sa mu dace, ya tsare mu a hanya.