Lambuna a baranda

A Kumasi ruwan farko yakan sauka tun cikin Maris, lokacin da 'yan uwa a Katsina ke fama da zafin bazara. Da zarar gari ya yi sanyi sai in fito da tsofaffin bokitai biyar, in huda gindinsu, in cika su da ƙasa da busasshen kashin awaki.

Alayyahu ba ya ɓata lokaci, wata guda ka fara tsinka. Kuɓewa sai ta kai wata biyu, ga son rana, shi ya sa take bakin baranda. Irin yakuwa kuwa Inna ce ta aiko min daga gida, ƙulle a leda.

Kuɗin cefane ya ragu kam, amma wallahi ba shi ne babbar ribar ba. Duk wanda ya wuni a Kejetia cikin hayaniya da bin bashi ya san yadda kai ke ɗaukar zafi. Minti goma na ban ruwa kafin magariba ke sauke min nawa. Yarana da aka haifa a nan sun san yakuwa a tsaye yanzu. Autar ma ta ƙwace bokiti ɗaya, wai kada kowa ya taɓa mata.