Kuskuren da Kwamfuta Ta Yi Shiru a Kansa

A unguwar Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, akwai wata ɗalibar ilimin harshe da ta shafe makonni tana koyon rubuta manhaja da Python. Burinta shi ne ta ƙidaya kalmomi a rubuce-rubucen Hausa na Zinder da na Kano, ta kwatanta su. Manhajar ta yi aiki lami lafiya, har ta nuna mata wani abin mamaki: wakilin suna "ya" ya fi yawa nesa ba kusa ba a rubutun Kano. Ta soma shirya babi guda a kundinta kan wannan bambanci.

Sai malamin darasin ya umarci kowane ɗalibi ya miƙa aikinsa ga abokin karatu, ya bayyana masa shi mataki-mataki. Abin bai yi mata daɗi ba, musamman da aka haɗa ta da wani yaro da ta girma. Shi kuwa ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Yaya, a wurin manhajarki, mece ce kalma?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ashe ta umarci kwamfuta ta yanke kalma duk inda ta ci karo da alamar da ba harafi ba. A Nijar ana rubuta "ƴaƴa" da harafi mai ƙugiya, a Najeriya kuwa "'ya'ya" ake rubutawa. Saboda haka duk inda marubucin Kano ya ambaci 'ya'ya, manhajar tana ƙirga "ya" sau biyu, kamar yadda take raba "jama'a" gida biyu. Bambancin da ta ɗauka na karin harshe ne, na ƙa'idar rubutu ne kawai.

A 2006, Jeannette Wing ta yi kira da a koya wa kowa tunanin warware matsala irin na masana kwamfuta, kamar yadda ake koyar da karatu da rubutu da lissafi. Ginshiƙin wannan tunani shi ne rarraba matsala kashi-kashi da fayyace kowane zato. Kwamfuta tana kama kuskuren nahawun manhaja, amma gurguwar ma'ana takan bi ta sau da ƙafa ba tare da ta ce uffan ba. Mai rubutu ma da wuya ya hango ta, domin laifi tudu ne. Sai wanda bai san abin da ke zuciyarsa ba ne zai tambaye shi abin da bai taɓa tambayar kansa ba.

Ɗalibar ta soke babin, ta gyara layi uku a manhajar. A mako na gaba ita ta karɓi aikin yaron, ta kuma soma da tambayarsa yadda manhajarsa take bambanta "ɗ" da "d".