Zuwa ga Ragusa, wadda ta biya haraji ta riƙe kanta

Ya ke Ragusa,

Na san ganuwarki tana nan a gaɓar tekun Adriyatik, cikin ƙasar Kuroshiya, masu yawon buɗe ido suna hawa suna zagayawa, suna kiran wurin Dubrovnik. Ba ita nake rubuta wa ba. Ke nake nufi, jamhuriyar da Janar Marmont, hafsan Napoliyon, ya soke ranar 31 ga Janairu 1808, bayan sojojin Faransa sun shigo miki a 1806 da sunan masu wucewa ne.

Abin da ya hana ni mantawa da ke shi ne cinikin da kika ƙulla da Daular Usmaniyya ta Santambul. A 1458 kika yarda da biyan haraji, zuwa 1481 kuɗin ya kai dukat 12,500 na zinariya a shekara. Jakadu biyu daga cikin manyanki ke ɗauka su kai fadar Sultan. Shi kuwa bai turo miki gwamna ba, bai naɗa miki alƙali ba, bai sauke runduna a cikin birninki ba. Fatakenki suna ratsa Balkan da gishiri da tufafi, suna da zango a Sofiya da Belgred da Sarayebo, kuma kashi 2 cikin ɗari kacal suke biya na kuɗin fito, ƙasa da abin da 'yan kasuwar Sultan ɗin kansa ke biya. Kirista ce ke, 'yar Katolika, amma da aka zo sulhun Karlowitz a 1699 sai kika saki yankin Neum ga Turkawa, don ƙasar Sultan ta shiga tsakaninki da jamhuriyar Benis. Kin fi jin tsoron 'yar'uwarki a addini fiye da mai karɓar harajinki. Wannan shawara ce ta sa har yau Bosniya take da ɗan bakin teku na kusan kilomita 20.

A cikin gida kuma kin ƙi yarda mutum ɗaya ya mayar da gari gonar ubansa. Wata ɗaya tak shugabanki yake yi ya sauka. Tun 1377 kika sa dokar killace masu zuwa daga garuruwan annoba kwana talatin, a 1416 kika haramta cinikin bayi.

Ba zan rufe ido ga laifinki ba. Tun 1332 manyan gidajenki suka kulle ƙofar majalisa, ba mai shiga sai ɗan gado. Matuƙin jirgin da ya tara miki dukiya ba shi da ta cewa, balle manomin Konavle da ke noma ƙasar wani. Abin ya kai har babban marubucin wasan kwaikwayonki, Marin Držić, ya rubuta wa basarake Kosimo na gidan Medici a 1566 yana roƙon a taimaka a karya ikon waɗannan gidaje. Ina ganin yana da gaskiya a kokensa. Sai dai cikin gidajen nan ne aka samu Nikola Bona. Bayan girgizar ƙasar 6 ga Afrilu 1667 ta rushe birnin, ta kashe dubban mutane har da shugaban wannan wata, sai Kara Mustafa, babban wazirin Sultan, ya ɗora miki wasu maƙudan kuɗi. Bona, jakadanki, ya ƙi sa hannu, ya mutu a kurkukun Silistra a 1678.

Nan ne da-ma take kama ni. Ba ke kaɗai ce mai irin wannan matsayi ba. Tsibirin Kiyos ma yana hannun attajiran Jenowa, yana biyan haraji yana mulkin kansa, har Piyale Pasha, hafsan jiragen ruwan Sultan, ya karɓe shi a 1566. Da a ce Sultan Sulaiman ya bar shi, da a ce kuma fada ta duba ta ga ribar da take samu a kanki ba tare da ta ciyar da soja ko ɗaya ba, ta ce bari a gwada a Halab, a Salonika, a Izmir, a Basra. Ina hango Halab da majalisarta: attajiran hanyar siliki, da malamai, da sharifai, da shugabannin masu sana'a, da dattawan Kiristoci da Yahudawa, su haɗa harajin shekara dunƙule su aika, su zaɓi wanda zai riƙe gari daga cikinsu. Ba gwamnan da ya san ba zai daɗe ba, wanda hankalinsa ke kan mayar da abin da ya kashe wajen neman muƙami. Mutanen da jikokinsu za su sha daga rijiyar su ne za su yanke shawarar gyaranta.

Da haka ta faru, gyare-gyaren Tanzimat da aka fara a 1839 da sun tarar da majalisu masu shekaru ɗaruruwa, ba sai an aiko da tsarinsu a takarda daga Santambul ba. Da daular ta faɗi bayan 1918, da Halab tana da baitulmali da jakadu da bakin magana, lokacin da ake jan iyakar da ta raba ta da kasuwanninta na arewa, daga baya kuma a 1939 tasharta ta Iskandarun ta koma Turkiyya. Salonika, wadda Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492 suka raya, da wataƙila ba ta zama ganimar wanda ya riga shiga a yaƙin 1912 ba.

Na san abin da za a amsa mini. Sultan ya bar ki ne don yana buƙatar taga: in yaƙi ya ɓarke da Benis, ta tasharki haja ke bi, ta bakin jakadunki labarin Turai ke iso masa. Halab kuwa cikin gida take, birnin Musulmi, ba wanda zai ƙulla yarjejeniyar haraji da abin da yake nasa. Na yarda. Duk da haka shekara 350 ba wasa ba ce, kuma a cikinsu kin nuna cewa babbar daula tana iya karɓar haƙƙinta ta ɗauke hannu. Ƙasashen zamaninmu, masu tsarin mulki da zaɓe, kaɗan ne cikinsu ke da wannan haƙuri da biranensu. Suna son harajin, suna son kujerar, suna son su ce wa zai hau ta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba Sultan ne ya kashe ki ba. A 1813 manyanki da talakawanki suka tashi suka yaƙi Faransawa, suka sake ɗaga tutarki. Sojojin Ostiriya suka shiga birnin a Janairun 1814, suka sa aka sauke ta. Kika tura wakili taron Biyana, inda sarakunan Turai suke cewa sun zo mayar da kowane mai haƙƙi kan haƙƙinsa, aka hana shi zama, aka miƙa ki ga Ostiriya a 1815.